Matata Ta Ba da Aron Sunanta

Matata ba ta iya cewa babu. Wannan ba yabo ba ne, ƙorafi ne, kuma na daɗe ina yinsa ba mai saurarona. A shekarun da muka zauna a gidan haya a unguwar Nasarawa Gwom, ban taɓa sanin iyakar abin da muka mallaka ba sai in na zagaya ɗakunan maƙwabta. Turminmu yana wancan ɗaki, rariyarmu tana wancan, dutsen guga kuwa ya fi kwana a shagon telan da ke bayanmu fiye da ɗakinmu. Akwai ranar da na shirya zan tafi ofis, ruwa ya tsuge tun asuba, na nemi lemata sama da ƙasa, aka ce ai ta tafi kai amarya Bukuru. Da na yi magana sai ta dube ni kamar na faɗi abin kunya, ta ce abin da yake ajiye ba a amfani da shi ai na mai buƙata ne. Haka na tafi ofis da ledar burodi a ka.

Ni kuwa ƙaramin akawu ne a wata ma'aikatar tarayya. An horar da ni a kan cewa kowane abu yana da mai shi, yana da lamba, yana da wurin ajiya. Ko biro na ara wa mutum, ina tsaye a kansa har ya gama rubutu. Yadda aka yi muka zauna lafiya da ita tsawon shekaru, ni ma ban sani ba. Ina jin dai kowa a cikinmu yana ganin ɗan'uwansa a matsayin mara lafiyar da ya kamata a yi haƙuri da shi.

Wajen shekarar 2006 aka kawo mana inshorar lafiya. An tara mu a ofis, wani mutum mai kwat ya yi bayani. Ya ce daga yanzu akwai kamfanin da ake ba kuɗi saboda mu kowane wata. Kowa ya zaɓi asibitin da yake so, in ciwo ya zo ya tafi a duba shi, asibiti ya aika wa kamfani takardar kuɗi, kamfani ya biya. Abin ya shafi ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu. Wani direbanmu mai 'ya'ya goma sha wani abu ya tambayi yadda zai yi da sauran, aka ce masa ya zaɓa. An ɗauke mu hoto, an ce katuna masu hoto suna hanya daga Abuja. Sun daɗe a hanyar. Kafin su iso, aka ba kowa 'yar takarda mai suna da lamba, ita za ka miƙa a tagar asibiti a buɗe maka fayil.

Na zaɓi wani ƙaramin asibitin kuɗi da ba shi da nisa da mu, na wani dattijon likita wanda kullum za ka gan shi kamar bai yi barci ba. Na zo gida na yi wa matata bayani dalla-dalla, ina jin kaina. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni, in wata ya wuce ba wanda ya yi ciwo a cikinmu, kuɗin da aka ba kamfanin fa? Na ce ya tafi ke nan. Ta ninke tata takardar ta sa a cikin kwanon da take ajiye zare da allura. Da ina da wayo, da tun a wannan tambayar na gane ta hango wani abu da yake ajiye ba a amfani da shi.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata mata mai 'ya'ya uku, tana soya dankali da ƙosai a ƙofar gida da yamma. Ta girmi matata kaɗan, don haka matata Yaya take kiranta. Su suke yi wa juna kitso, su suke riƙe wa juna yara, in ɗaya ta ɗora tukunya ɗayar ta san abin da ke ciki. Mijinta yana bin motocin kayan gwari daga kasuwar Farin Gada zuwa Kudu. In ya tafi sai ya yi mako ko fiye, kuma a lokacin ba shi da waya. Mutum ne mai kawaici, gaisuwarsa ta fi maganarsa tsawo.

Matar nan ta kama zazzaɓi a wata damina, mijin yana hanya. Ta yi ta shan maganin kemis, zazzaɓin ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo. Wata safiya bayan na fita, cikinta ya kumbura ya yi tauri, ta kasa ko miƙewa. Matata ta tsayar da tasi ta kai ta asibitinmu, don shi ne mafi kusa. A taga aka ce sai an ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ta, kuɗin kuma ko rabinsa ba su da shi. Matata ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar takardar nan ta miƙa. Yarinyar taga ta tambayi sunan mara lafiya, matata ta faɗi nata sunan, ta nuna wadda ke kwance a benci. Ba hoto, ba wanda ya san fuskar kowa, aka buɗe fayil.

Ni duk ban sani ba. Na dawo da yamma na tarar ba a ɗora tukunya ba, yara suka ce Mama tana asibiti tun safe. Ko jakata ban ajiye ba na juya. A taga na faɗi sunan matata, yarinyar ta duba ta ce ai an yi mata aiki, taifod ce ta huda mata hanji, tana ɗakin mata. Matar da na bari da safe tana yi wa yara faɗa a kan takalmi, yaushe hanjinta ya huje? Na dafa bango na ƙarasa ɗakin, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina ɗaga labule na gan ta zaune a kan kujera, lafiyarta ƙalau, tana yi wa maƙwabciyarmu fifita da murfin kwano.

Na jawo ta baranda. Faɗa a asibiti ba ya daɗi, don dole ka yi shi da raɗa, raɗa kuma tana rage wa magana nauyi. Na gaya mata wannan ba turmi ba ne, ba lema ba ce, abin gwamnati ne, zai iya cin aikina. Ta bari na gama.

«Malam,» ta ce, «da ka ga yadda cikinta ya yi, da kai ma ka ba da taka takardar.»

Na ce tawa ta namiji ce. Ta ce shi ya sa ba ta neme ni ba. Ta ƙara da cewa in Yaya ta warke sai a maido mana da abinmu, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Kwanakin da suka biyo baya na zama mijin mara lafiya. In nas ta kira sunan matata, mata biyu ne suke amsawa, ɗaya daga gado ɗaya daga kujera, nas ɗin ta ɗauka takwara ce. Likita kuwa ni yake kira ofishinsa ya yi mini bayanin halin da iyalina take ciki, ya ce in yi haƙuri, an kawo ta a makare. Ina zaune ina gyaɗa kai. Sau biyu aka sake shiga da ita ɗakin tiyata, sau biyu aka miƙo mini takarda na sa hannu. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Amma mace tana kwance tsakanin rai da mutuwa, ba lokacin da mutum zai ce a tsaya a gyara suna ba ne.

Mijinta ya dawo daga Kudu ya same ta da sauran numfashi, har ta gane shi. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Mu kuma ba ma barin gawa ta jira. Nan da nan aka samo motar wani maƙwabci aka ɗauke ta, mata suka yi mata wanka, aka aika a haƙa kabari. Muna fita da ita wata nas ta biyo mu tana cewa akwai takardar shaidar rasuwa da za a karɓa. Wani daga cikinmu ya ce za a dawo. A unguwarmu ban san wanda ya taɓa komawa karɓar wannan takarda ba, don ba mu ga abin da za ta ƙara wa mamaci ko mai rai ba. Asibiti ya rubuta abinsa da sunan da ke kan fayil, ya aika inda ya saba aikawa.

Kafin a yi mata salla, liman ya juyo ya tambaya, kamar yadda ake yi, ko akwai wanda yake bin marigayiya bashi. Tun muna yara muke jin cewa mamaci ba ya samun sukuni a kabarinsa muddin akwai haƙƙin wani a wuyansa, shi ya sa ake tambaya tun gawa tana gaban mutane. Mijinta ya matso, ya ce duk wanda yake binta ko kwabo ne ya zo wurinsa, ya ɗauke mata. Aka yi shiru. Liman ya sake tambaya, aka sake yin shiru, sai ya ta da kabbara. Ina cikin sahu, na yi kuka sosai, don mutuniyar kirki ce, kuma yarana sun ci ƙosanta kyauta fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Bayan sadakar uku mijin ya zo ƙofar ɗakinmu ya tsuguna, ya tambayi maganar kuɗin asibiti. Kafin in buɗe baki matata ta amsa daga bayan labule, ta ce an gama da wannan, kada ya sa a ransa. Ya ɗauka mu muka biya daga aljihunmu. Tun daga ranar, duk dawowar da zai yi daga Farin Gada sai ya ajiye mana buhu a ƙofa. Kabeji, karas, koren tattasai, wani lokaci dankali, amma galibi kabeji. Mun ci shi a miya, mun ci shi a kwaɗo, mun ci shi a cikin shinkafa, matata ta raba wa gida kaf, washegari a aiko mana da shi a dafe. Har yau in na ga kabeji a faranti sai na ture shi gefe.

Shekara ta zagayo, sai ciwon ciki ya kama matata ita kanta. Wannan karon ni na kai ta, da takardarta a hannuna, da gaskiyata. An canza yarinyar taga. Sabuwar ta nemi fayil ta rasa, ta ce bari ta buɗe wani, fayil yakan ɓata. Ashe an kai shi inda ake kai fayil ɗin waɗanda ba za su dawo ba. Likita ya duba ya ce afendis ne, ya yanke a ranar. Ya dube ni ya ce kamar ya san fuskata, na ce ai unguwa ɗaya muke. Cikin 'yan kwanaki aka sallame ta, ko sisi ban biya ba in ban da ɗan abin da ake karɓa na magani. Na koma ofis ina yi wa inshora talla, ina cewa waɗanda ba su yarda da ita ba jahilci ne ke damunsu.

Bayan wasu watanni mai kula da kuɗin asibitin ya aiko a kira ni. Ya ce kamfani ya dawo da takardar aikin matata, ya ƙi biya. Na tambayi dalili. Ya juyo mini da takardar in gani da idona. Layi ɗaya ne da jan biro, wai wadda aka ce an yi wa aikin ta rasu tun bara. Ya ce shi bai san komai ba game da wannan, abin da ya sani shi ne an yanka, an ɗinke, an ba da gado, kuma dole wani ya biya. In ina da magana in je in yi da kamfani.

Ofishin kamfanin ɗaki ɗaya ne a saman wani bene a cikin gari, da fanka da kwamfuta da wani saurayi mai ladabi, ɗan asalin Filato, wanda ya koyi Hausarsa a kasuwa. Ya ba ni kujera, ya danna lambata, ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. Na ce masa matar nan da yake nuna mini ita ta dama mini koko yau da safe. Ya ce shi ba ya musun koko. Amma a wurinsu mutum sau ɗaya yake mutuwa, kuma in ya mutu ba ya yin afendis. Don haka ɗayan biyu ne, ko asibiti ya yi ƙarya bara ya karɓi kuɗin jinyar da ba a yi ba, ko yana ƙarya bana. In koma in tambaye su wacce ce.

Haka na yi ta zirga-zirga. Asibiti ya ce in je kamfani, kamfani ya ce in koma asibiti, ni kuma a tsakiya ina biyan kuɗin acaɓa. Na san amsar da dukansu suke nema, tana bakina, na riƙe ta. Ana cikin haka kamfani ya dakatar da duk kuɗin da asibitin yake binsa, ya ce sai an warware wannan. Nan dattijon likita ya farka. Ya sa aka tono tsohon fayil, ya ga sa hannuna a ciki, ya tuna inda ya san fuskata. Ya kira ni ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, ya ce shekararsa talatin yana aiki ba a taɓa kiransa ɓarawo ba sai a dalilina. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ce ya ji, kuma da shi ne a tagar wataƙila da ya kau da kai, amma shi ma yana da ma'aikatan da zai biya albashi.

Shi ya shimfiɗa mini yadda abin yake. In muka faɗi gaskiya, kamfani zai maido da matata cikin masu rai, ya biya kuɗin afendis, sannan ya zare kuɗin jinyar bara daga abin da asibiti yake binsa. Kuɗin bara kuwa ba kaɗan ba ne, tiyata uku da jini da kwanaki a gado, ya fi ƙarfin albashina na watanni masu yawa. Likita ya ce ba zai ɓoye mini ba, in aka zare, wurin mijin marigayiya zai aika, don jinyar matarsa ce. In kuma muka bar abin yadda yake, to wadda ta rasu bara matata ce, wadda aka yi wa afendis wata mata ce da aka kawo da takardar marigayiya bisa kuskure, sai mu biya da hannunmu, matata kuma ta fita daga inshora har abada. Ya ce shi ko wanne ya yi masa, in dai za a sakar masa kuɗinsa. Da na koma wurin saurayin kamfani na ɗan gutsura masa, ya ce in sunan wata ne mu faɗa kawai, zai rubuta cewa kuskuren taga ne, maganar ba za ta kai ofishinmu ba. Aka sa ranar da za a zauna gaba ɗaya.

Wato a karon farko a rayuwata gaskiya ta zo mini da araha. Na koma gida da ƙarfina. Na zaunar da matata na yi mata lissafi irin na akawu. Na ce ba mu da wani abin ajiye, ga kuɗin makarantar yara, ga haya. Na ce ita mace ce mai sauran haihuwa, in ta fita daga inshora duk ciwon da ya zo a kanmu yake. Da na ga lissafi bai kama ta ba, na koma malami. Na ce bashi bashi ne ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kamfanin nan an ci haƙƙinsa, kuma rufe ido ba ya sauke wa Yaya komai.

Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

«Yaya ba ta roƙe ni ba,» ta ce. «Ko sunanta ba ta iya faɗa a ranar. Ni na miƙa. In akwai haƙƙi a wuyana yake, ni kuma ina da rai, ina da bakin neman gafara.»

Na ce wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, amma takarda fa?

«An tambaya a kan gawarta, an yi shiru, an sallace ta a kan ba ta da bashin kowa. Yanzu so kake a je a ƙwanƙwasa wa bawan Allahn nan ƙofa, a ce masa matarka shekara guda tana kwance da bashi?»

Na san mutumin. Ba zai yi gardama ba, ba zai nemi ragi ba. Zai sayar da katifa da tukwanen marigayiya, ya cire yara daga makaranta, ya bi mota dare da rana, kuma duk da haka ba zai ƙara barci mai daɗi ba, yana tunanin shekarar da ta yi a ƙasa tana jiransa. Na san wannan sarai. Amma na san kuma abin da ke aljihuna. Na ci gaba da magana har ta daina amsawa, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda. Har na koya mata yadda za ta faɗa, gajere, ba tare da kame-kame ba. Ta ce to.

Ranar zaman ta sa mayafinta na zuwa biki. A ofishin likita muka haɗu, shi yana bayan tebur, saurayin kamfani a gefe da fayil biyu a cinyarsa, mu biyu a kan benci. Likita ya fara. Ya ce shi dai mata biyu ya yanka, da hannunsa, ɗaya ta tashi ɗaya ba ta tashi ba, kuma bai taɓa karɓar kuɗin aikin da bai yi ba. Saurayin ya ce kamfani ba ya zargin kowa, so yake kawai fayil ya daidaita. Ya cire murfin biro ya juyo wajen matata.

«Madam, ba wahala. Wanda ya mutu a nan bara, wane ne? Ka faɗa suna kawai, mu gyara.»

«Ni ce,» in ji matata.

Ya yi 'yar dariya, ya dube ni, ya dubi likita. Ba wanda ya taya shi. Ya sake tambaya a hankali, yana zaton ba ta gane ba. Ta sake ba shi amsar da ta ba shi, da muryar da take gaya wa mai kayan miya cewa tumatirinsa ya yi tsada. Yaron kirki ne, ya ajiye biro ya yi mata bayani tsakaninsa da Allah. Ya ce in ya rufe fayil a haka ba mai iya buɗewa, ko shi. In ta yi zazzaɓi, kuɗi. In haihuwa ta zo, kuɗi. In aka sake yanka ta, kuɗi. Ta ce ta ji, ta gode. Sannan ta zaro ƙullin leda daga jakarta ta ɗora a teburin likita. Kuɗin adashinta ne, ashe ta roƙi wadda ke gabanta ta bar mata ɗauka. Ta ce a fara rage na afendis da wannan, sauran Malam zai riƙa kawowa ƙarshen wata. Ba ta shawarce ni ba, kuma ba ta dube ni ba da take faɗa.

Likita ya kalli ƙullin, ya kalli silin. Saurayin ya sosa ƙeya. Ya ce maganar madam ba za ta shiga fayil ba, domin a wurinsu madam ba ta nan. Wanda kamfani ya sani shi ne mai lamba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

«Oga, kai ne za ka faɗa. Matarka ya mutu, ko bai mutu ba?»

Amsar da na shirya tana nan, na yi kwanaki ina gyara ta, ba ƙarya a cikinta ko ɗaya. Na juya na dubi matata. Kanta yana ƙasa, ta haɗa hannuwa a cinya, lallen da ta sa ya fara kodewa. Ba ta taɓa ni ba, ba ta yi mini alama ba. Ta bar ni da abina, kamar yadda ni ban taɓa barinta da nata ba. Na ji haushinta, na ji tsoron shekarun da ke gaba, kuma na ji ina sonta fiye da ranar da aka kawo ta gidana.

Na ce, «Ta rasu.»

Ban taɓa ɗaukar kalma mai nauyin wannan a bakina ba, ga ta kuma zaune kafaɗarta tana gogar tawa. Saurayin ya rubuta, ya miƙo mini na sa hannu, ya haɗa fayil ɗin biyu ya ɗaure da roba. Har na yi ritaya matata ba ta ƙara ganin likita ba sai da kuɗi a hannu, haihuwa biyu ta yi bayan nan duk daga aljihuna, mijin Yaya kuwa har ya tashi daga gidan bai san an yi wannan zama ba.

Da saurayin ya miƙe zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa, kamar wanda ya tuna bai cika wata ƙa'ida ba. Ya dawo ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce Allah ya jiƙan rai, Allah ya sa ya huta. Matata ce ta amsa masa, ta ce amin.